Yadda Ake Fara Koyar da Injiniyanci a Makarantar da Ba Ta da Ɗakin Gwaji

Akwai wani yaro a layinmu a nan Bauchi da nake yawan tsayawa kallo. Da gwangwanin madara da tsohon silifas da wayar ƙarfe yake ƙera mota, ya yanka tayoyin daidai wa daida, ya sa mata doguwar sitiyari yadda zai riƙa tuƙa ta yana tsaye. Ranar da taya ɗaya ta riƙa karkacewa na gan shi ya zauna a bakin kwata, ya juya motar ciki a sama, ya gano cewa ramin da ya huda bai faɗo tsakiya ba, ya sake yanko wata. Wannan yaron in ya shiga aji, sai a ce ya haddace ma'anar kalmar fasaha da Turanci, ya rubuta a jarrabawa, ya manta. Aikin da ke gabanmu malamai shi ne mu shigo da abin da yake yi a bakin kwata cikin makaranta, mu ƙara masa awo da zane da lissafi da rubuta sakamako.

Ba yau aka fara yunƙurin ba. Lokacin da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982, an sa darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, an kuma shigo da injuna daga ƙasashen waje. Manyanmu a aikin koyarwa suna ba da labarin yadda da yawa daga cikinsu suka tsufa a akwati, wasu don babu wutar lantarki, wasu don babu wanda ya iya harhaɗa su. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya zauna jiran kaya daga sama. Abin da zan zayyana a nan ana iya fara shi da akwati ɗaya da malami ɗaya.

Fara da shugaban makaranta, kuma ka je da takarda

Kada ka shiga ofis ka ce kana son kafa wani sabon abu. Ɗauki manhajar Kimiyya da Fasaha ta matakin farko, wadda hukumar NERDC ta tsara, ka ja layi ƙarƙashin batutuwan da dama wajibi ne a koyar: kayan aiki, katako da ƙarfe, zane, makamashi, lantarki. A shafi ɗaya ka rubuta aikin hannun da zai bi kowane batu. Sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke cikin manhaja nake so yara su taɓa da hannunsu, awa ɗaya da rabi a mako." Shugaban da zai ji tsoron sabon shiri ba zai ƙi abin da masu duba makarantu za su tambaye shi ba. In ya amince, ka roƙe shi ya kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, don kuɗin kayan farko daga nan zai fi sauƙin fitowa.

Batun lokaci yana kashe shiri irin wannan fiye da batun kuɗi. Yawancin yaranmu suna da Islamiyya da yamma, kuma babu uban da zai yarda a taɓa ta. Alhamis bayan tashi ta fi dacewa, tunda Islamiyyu da yawa suna hutu Alhamis da Juma'a. In za a iya haɗa darasi biyu a jere cikin jadawali, ya fi komai, domin a nan kowane yaro zai samu, har wanda ake jira a gida ya ɗebo ruwa ko ya je kasuwa.

Yara nawa, kuma su waye

Ajin da ke da yara tamanin ba a ba shi zarto a lokaci ɗaya. Ka fara da ashirin zuwa ashirin da biyar, ka kasa su biyar-biyar. A kowace ƙungiya akwai mai zane, mai awo, masu haɗawa biyu, da mai rubutu, kuma duk mako ana juya aikin. Wannan juyawar ka riƙe ta da ƙarfi. In ka saki, za ka waiga ka tarar maza sun kwashe filaya da guduma, an bar wa mata biro. Ni na fi son 'yan mata su yi ƙungiyarsu daban a zangon farko, iyaye sun fi samun natsuwa, su ma sun fi sakin jiki, kuma in akwai malama da za ta tsaya tare da kai, ka nemo ta tun ranar farko. Kada kuma ka ɗebi masu zuwa na ɗaya zuwa na goma kawai. Wanda ke zama a bencin baya yana kwance biro yana mayarwa, shi ma ka rubuta sunansa.

Akwatin kaya

Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, irin na 'yan makarantar kwana, ya wadatar. A ciki: rula biyar, tef ɗin awo biyu, almakashi, filaya, sukundireba manya da ƙanana, ƙaramin zarto, guduma, gam, zare, salatif, batura, ƙananan ƙwayayen fitila irin na tocila, wayoyi, ma'aunin zafi ɗaya, da mita ɗaya ta gwada wuta irin ta masu gyaran rediyo. Duk ana samunsu a Wunti ko Babbar Kasuwa. In za ka sayi kayan lantarkin, ka tafi da mai gyaran rediyo ko waya da ka yarda da shi, ya fi ka sanin mai kyau da jabu.

Sauran kayan kyauta ne: karan dawa bayan girbi, kwali, murafen kwalba, gorar ruwa, tsinken tsire, matattun tocila da rediyo da motocin wasan yara da ke jibge a gidaje. Ka ce kowa ya kawo, amma ka hana su zuwa tonon bola. Ka liƙa jerin kayan a cikin murfin akwatin, a ƙirga kafin a fara, a ƙirga kafin a tashi. Na taɓa yin sakaci da wannan a wata makaranta da na koyar, kafin ƙarshen zango babu filaya ko ɗaya, kuma ba wanda zan iya tuhuma tunda ban taɓa ƙirgawa a gabansu ba.

Littafin aiki

Wannan shi ne bambancin makaranta da bakin kwata, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Kowace ƙungiya tana da littafi ɗaya. Duk aikin da za a yi, sai an rubuta abu biyar a jere: mece ce matsalar, ga zanen abin da muke tunani da awonsa, ga abin da muka ƙera, ga abin da ya faru da muka gwada, ga abin da za mu gyara. Dokata ita ce ba a buɗe akwati sai na ga zane. Yara za su yi ƙorafi, hannunsu na ƙaiƙayi, amma ka dage. A mako na uku za ka ji su da kansu suna cewa, "Kai, ba haka muka zana ba."

A bar su su rubuta da Hausa in ita ce ta fi zo musu, sai ka ba su kalmar Turancin daga baya saboda jarrabawa. Kuma abin da ya lalace kada a yage shafinsa. Gadar da ta karye a rubuta a ina ta karye, da nauyi nawa. Yaron da ya saba da cewa kuskure bulala ne zai ɗauki lokaci kafin ya yarda cewa a nan kuskure maki ne, muddin ya iya bayanin dalilinsa.

Aiki na farko: gadar kara

Ya dace da 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare, kuma 'yan sakandare ma ba su raina shi. Ka raba tebura biyu, tsakaninsu santimita 30. Kowace ƙungiya ta sami sillen kara ashirin da zare mita biyu, a ce su haɗa gadar da za ta tsallake. In sun gama, a rataya ƙaramin bokiti a tsakiyarta, a riƙa jefa ledar fiya wata ɗaya bayan ɗaya. Kowace leda rabin lita ce, wato kusan rabin kilo, saboda haka ga ma'aunin nauyi a sauƙaƙe. Aji duka su riƙa ƙirgawa da ƙarfi har ta karye.

Yawancinsu za su shimfiɗa karan a jere su ɗaure, kamar asabari. Kada ka ce komai. Bayan gwajin farko, ka haɗa kara huɗu su yi murabba'i, ka haɗa uku su yi kusurwa uku, ka miƙa wa yaro ɗaya ya matsa kowanne. Mai kusurwa huɗu zai goce ya kwanta, mai uku zai tsaya kyam. Sai ka ce su ɗaga kai su dubi katakon rufin ajinsu in babu silin, ko su tuna ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa da dogayen turakun wutar lantarki na bayan gari. Ko'ina kusurwa uku ce. A sake zane, a sake gada, a kwatanta adadin ledojin farko da na biyu.

Aiki na biyu: tocila

Batura biyu masu bolt 1.5 in an jera su kai da gindi sun ba da bolt 3. Ƙaramin jan ƙwai yana buƙatar kusan bolt 2, kuma yana da ƙafa biyu: doguwar tana zuwa wajen alamar +, gajeriyar wajen alamar −. In an juya ba zai kama ba, kuma gara ka bar su su gano haka da kansu. A tsakani a sa razista mai om 100, ɗan abin da ke rage wutar da ke wucewa, don kada ƙwan ya ƙone. 'Yan firamare su tsaya a nan, su yi makunni da fil ɗin takarda, su sa komai cikin gorar ruwa. 'Yan sakandare su yi lissafin: an cire 2 daga 3 saura 1, a raba da amfiya 0.02 da ƙwan ke ɗauka, ya ba da om 50, wato ƙasa da haka kada a sauka. Dokar Ohm ke nan da suke haddacewa, yau ga ta tana haske a hannunsu.

Daga nan a yanke wayar a wuri ɗaya, a riƙa cike giɓin da abubuwa: ƙusa, cokali, roba, kara, bakin fensir. Kafin kowane gwaji su rubuta hasashensu. Bakin fensir ne ke ba su mamaki.

Aiki na uku: tukunya cikin tukunya

Wannan nake fi so, domin namu ne. Mohammed Bah Abba, malami ne daga Jigawa, shi ya yaɗa wannan dabarar sanyaya kayan miya ba tare da wuta ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ka faɗa wa yara sunansa da jiharsa, su san cewa ba sai daga Caina ko Jamus ake ƙirƙira ba.

Ana samun tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, babba da ƙarama, yadda in an sa ɗaya cikin ɗaya za a bar tazarar yatsu biyu. A zuba yashi a ƙasan babbar, a zaunar da ƙaramar, a cike gefen da yashi, a jiƙa shi sosai, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Safe da rana a ƙara ruwa. Ruwan yana tsatsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya tafi da zafi. Dalilin da ruwan randa ke sanyi ke nan, kuma kowace yarinya a ajin ta san randa.

Abin da zai mai da shi injiniyanci shi ne kwatance. A haɗa tukunya ta biyu da busasshen yashi, a kuma bar tumatir uku a faranti a fili. Kowanne wuri tumatir uku, daga kwando ɗaya. Ƙarfe takwas, sha biyu da biyu a auna zafin kowanne a rubuta, har kwana bakwai ko fiye. A yi shi a watan Maris ko Afrilu, lokacin da iskar Bauchi ta bushe ƙarau. In an maimaita da damina za a ga bambancin ya ragu ƙwarai, saboda iskar ta riga ta ƙoshi da danshi. Ka bar musu tambayar su tafi da ita gida: me ya sa?

Sola, ga 'yan babbar sakandare da aji uku na ƙarama

Yanzu kusan kowane layi akwai mai sola, kuma sana'a ce da ke ci. Ka ba su matsala ta gaske: muna son kunna ƙwai huɗu masu wat 10 na awa uku, da kwamfutar cinya mai wat 60 ita ma awa uku. In an ninka wat da awa, ƙwayayen sun ci wat-awa 120, kwamfutar 180, jimla 300 a rana. A ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku saboda asarar da ake yi a waya da batir, ya zama 400. A raba da awa biyar na rana mai ƙarfi, ya ba da 80, don haka faifai mai wat 100 ya isa. Batir mai bolt 12: a raba 400 da 12, kusan amfiya-awa 33, sai a ninka biyu tunda batirin dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Da zarar yaro ya iya wannan, ya iya duba ko an cuci mahaifinsa a wajen sayen sola.

Faifan yana kallon kudu, a ɗan jingine shi digiri 10 zuwa 15, domin muna arewa da tsakiyar duniya da kusan digiri goma. Da hunturu a auna abin da yake bayarwa da ƙura a kansa, a goge, a sake aunawa.

Kwamfuta

Rashinta ba ya hana farawa. A zana gidaje a ƙasa kamar na dara, yaro ɗaya ya zama inji, ba ya motsi sai da umarni: gaba ɗaya, juya dama, maimaita sau uku. Sauran su rubuta umarnin da zai kai shi ƙofa, in ya yi karo da benci su nemo layin da suka yi kuskure. In an sami kwamfuta ko da ɗaya ce, a sa mata Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta yi don yara. Kyauta ce, kuma akwai wadda ake saukewa ta yi aiki ba intanet. Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni ta kwamfuta, da na'urorin da ke jin haske ko danshi su jira sai yara sun ƙware a tocila, kada a yi gaggawar sayensu don a burge baƙi.

Abin da ba a sassauci a kansa

Babu yaron da zai taɓa wutar soket, bolt 230 ce, tana kisa. Duk aikinmu da batir ne, kada ya wuce bolt 12. Ba a buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya, domin tana riƙe wuta ko an cire ta daga bango. Batirin waya da na kwamfuta ba a huda shi, ba a dukansa, in ya kumbura a fitar da shi daga aji. Narka dalma malami ne ke yi, a kusa da taga, a wanke hannu bayan an gama. Mai dogon hijabi ko babbar riga ya tattare kafin ya matso kusa da abin da ke juyawa. A ajiye auduga da filasta da maganin ciwo a cikin akwatin.

Shigo da masu sana'a da 'yan jami'a

Sau ɗaya a zango ka gayyato mai hannu: kafinta, mai walda, maƙeri, bakanike, mai gyaran waya, tela mai gyaran kekenta da kanta. Ka je har wurin aikinsa ka gaishe shi, "Baba, yaranmu muke so su ga yadda ake fitar da kusurwa kafin a yanka katako." Kada ka ce ya yi lacca, zai takura. Ya zo da kayan aikinsa ya yi abu ɗaya a gabansu, su yi tambaya, a ba shi kuɗin mota da godiya a gaban yara.

Bauchi kuma ba ta rasa masana ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, tana nan a Yelwa da Gubi. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji, ga ta Abubakar Tatari Ali. Shugaban makaranta ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe, a nemi abu ƙarami takamaimai: ɗalibai biyu 'yan ajin ƙarshe su zo awa ɗaya, ko a ba yara ashirin izinin ganin ɗakin injuna. A tambayi 'yan bautar ƙasa da aka turo abin da suka karanta, sau da yawa injiniya ne aka ba shi darasin da ba nasa ba. Da izinin hukumar ruwa, ziyarar matatar ruwa ta Gubi darasin zango guda ce. 'Yan'uwanmu na Gombe suna da kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya a cikin gari, ga madatsar Dadin Kowa da ke ba da ruwa da lantarki.

Ƙarshen zango

Ka ba da maki a kan littafin aiki da bayanin baki fiye da kyan abin da aka ƙera, in ba haka ba wani zai kai wa yayansa ya haɗa masa a gida. Ranar karɓar sakamako, a jera ayyukan a baranda, kowace ƙungiya ta tsaya bayan nata, iyaye su zagaya. Kai ka koma gefe, yaran su yi magana. Iyayen 'yan aji uku da ka ga hannunsu ya faɗa, ka ja su gefe ka yi musu bayanin kwalejojin fasaha da jarrabawar NABTEB, domin da yawa ba su san cewa wannan hanyar ma tana kaiwa jami'a ba.

Kafin a tafi hutu, ka ƙirga kayan akwati tare da wani malami, ku sa hannu ku biyu, mukulli ɗaya a wurinka ɗaya a ofis. Canjin wurin aiki yana zuwa ba sallama, don haka tun zangon farko wannan malamin ya riƙa jagorantar zama ɗaya cikin uku. Littattafan aikin kuma a ajiye su a makaranta, sababbin yara su fara da karanta inda gadar 'yan bara ta karye. In hutun ya faɗo bayan girbi, ka gaya wa kowane yaro ya dawo da damin kara ɗaya.